Taswirar Maijidda

Sabon Birni,
Farkon watan Oktoba.

Zuwa ga ɗiyata Lailatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, kamar yadda nike nan lafiya, sai godiyar Allah. Ƙafar nan tawa ta yi sauƙi, har na aje sanda. Ki gaishe mani da mahaifiyarki, ki ce mata ɗan ƙanen babanta bai manta da amana ba: na biya garin Isa makon jiya na duba gidanta. Kwaɗo na nan yadda ta bar shi, sai dai ruwan ƙarshen damina ya ci gindin katangar baya. Na sa an tokare ta da itace.

Na san za ki yi dariya ki ga takarda daga hannun mutumin da kinka sha wahala kafin ya koyi aika saƙon murya. Rabona da rubuta wasiƙa tun ina kwalejin horon malamai. To tunda anka yanke sabis ɗin waya a yankinmu saboda mutanen daji, babu yadda za ni yi. Na'Allah mai fataucin wake ya ce shina shiga Sakkwato lokaci-lokaci, kuma ya san unguwarku, shi ne na ba shi.

Lailatu, ban san zauren nan na Wasaf na malaman labarin ƙasa ya shiga raina haka ba sai da ya ɓace. Kin tuna bara da kinka saka ni ina ta gardama, ina cewa mi tsoho kamata zai tsinta cikin surutun yara? Ga shi yau ni ke neman surutun. Kin san ni kaɗai na rage mai koyar da darasin ga a makarantarmu. Babu wanda za ni tambaya, babu wanda zai ce mani na yi kuskure. Ga gida kuma tsit, tunda na kai Maryamu da yara Gidan Runji wurin danginta a Nijar. Da can in na yi la'asar sai in shimfiɗa tabarma gindin darbejiya in kunna muryoyinku: Malama Bilkisu ta Gembu da hazon garinsu, Malam Abdurra'uf da ba ya barin kowa ya gama magana, ke kuma kina raba faɗa. Yanzu tsofaffin saƙonnin nike maimaitawa. Wasu har na haddace su.

Aikin horo na ƙarshe da na gani kafin a yanke shi ne wanda anka ce kowane malami ya sa ɗalibansa su zana taswirar garinsu. Na yi shi. Amma fiye da rabin ajina ba 'yan cikin gari ba ne, 'ya'yan waɗanda sunka gudo daga ƙauyuka ne. Da na ce kowa ya zana garinsu, wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wanda muke ko wanda munka baro?" Na ce wanda ransa ke so. Cikin 'ya'yan masu gudun nan ko ɗaya babu wanda ya zana Sabon Birni.

Ga guda shida na naɗe maki cikin leda. Ki duba ta Maijidda Wada, ta Tungar Ɗan'auta. Yarinya ce da ba ta magana a aji, amma ba ta bar komi ba: rijiya, tsamiyar bakin masallaci, rumbunan babanta, gonar dawarsu, har da 'yar siririyar hanya ta cikin kwari. Na daɗe ban ji daɗin koyarwa irin na ranar ba.

Ki ɗauki hotonsu ki saka a zaure da sunana, kada a ce Malam Is'haƙa ya bar horo. Duk abin da anka ce kuma ki rubuto mani, mai daɗi da marar daɗi.

Kawunki,
Is'haƙa.

*

Sakkwato,
Tsakiyar Oktoba.

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan ƙafa ta ƙara sauƙi. Mu nan duk lafiya lau, in ban da ɗiyata Sadiƙa da ta yi kwana biyu da zazzaɓi, amma ta miƙe. Inna ta yi ta sa maka albarka kan maganar katanga, sannan ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Ka san ta da gidan nan na Isa.

Da Na'Allah ya miƙo mani takardarka a ƙofar gida na ɗauka wani mugun labari ne. Da na ga rubutunka na alli, manya-manya, sai dariya ta kama ni, sannan kuma hawaye.

Na saka taswirorin a zaure a ranar. Kawu, da ka ga yadda wurin ya cika! Mutanen da ba su taɓa cewa uffan ba sai da sunka yi magana. Malama Bilkisu ta aiko saƙon murya mai tsawo, ta ce ta nuna wa ɗalibanta ta Maijidda, aji ya yi shiru, wata yarinya ta tambaye ta wa ke ba tsamiyar ruwa yanzu. Wani malami daga Bida ya ce zai canza yadda yake koyar da darasin ƙaura gaba ɗaya. Kowa na tambaya, yaya Baba Is'haƙa, yana cin abinci kuwa? Haka suke kiranka yanzu.

Tunda ka ce in faɗa maka har marar daɗi, to ga shi. Malam Abdurra'uf ya ce zanen ya yi kyau amma ba taswira ba ne, hoto ne, tunda babu ma'aunin nisa kuma babu kibiyar da ke nuna arewa. Ya ce wannan shi ne matsalar malaman da sunka daɗe ba su sabunta iliminsu ba. An yi masa ca, ni ma na ba shi amsa, daga baya ya ce shi ba da kai yake ba, kuma shi ma taswirorin sun taɓa shi ƙwarai. Kada ka sa abin a rai. Ka san bakinsa.

Na buga maka darussan horo na wannan wata a takarda, suna cikin ambulan. Akwai ɗaya kan yadda za a koyar da zaizayar ƙasa da tire da yashi da butar ruwa, na ce wannan naka ne, ba ya buƙatar wuta ko sabis. In ka yi shi ka rubuto yadda ya kasance, za ni karanta musu da bakina a taron ranar Asabar.

Ni ma fa Kawu ba wai ina cikin jama'a ba ne yadda kake zato. A makarantarmu ana kallon darasinmu kamar ragowar tuwo, ɗaliban da ke ɗaukarsa sai raguwa suke. In na koyar da Gulbin Rima ina nuna shi da sanda a bango, alhali a bakinsa na yi wanki ina yarinya. Rabona da Isa shekara uku ke nan. Wani lokaci in na rufe ido sai in kasa tuna ko ta dama ko ta hagu ake juyawa daga tasha zuwa gidanmu.

Ka gaishe da Inna Maryamu in ka samu mai zuwa. Ka riƙa dafa abu mai ɗumi, kada ka zauna kan gari da ƙuli.

Ɗiyarka,
Lailatu.

*

Lailatu,

Ki cire ni daga abin nan yau-yau. Kada sunana ko hotona ya sake fitowa. Ba za ni iya bayani a nan ba.

Is'haƙa.

*

Sakkwato,
Farkon Nuwamba.

Kawu,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya, ko da yake takardarka ba ta gaya mani ba. Mu muna lafiya.

Tun da nike ban taɓa samun saƙonka babu sallama ba. Na juya takardar gaba da baya ko akwai sauran magana, babu. Na tambayi Na'Allah, ya ce a tasha ka tare shi mota na shirin tashi, ka rubuta a kan gwiwarka, fuskarka ba daɗi. Ya ce bai san komi ba bayan haka.

Na yi abin da ka ce. Na cire ka daga zaure. Da hannuna na saka ka, da hannuna na cire ka, na kuma roƙi jama'a kada a sake ambaton sunanka tunda haka kake so. Malama Bilkisu ta kira ni tana tambayar mi anka yi maka, na ce ban sani ba. Amma na sani. Maganar Malam Abdurra'uf ce, kuma ni na kawo maka ita har gida. Da na san za ta yi maka ciwo haka da na haɗiye ta. Na ɗauka tsakanina da kai babu abin da ba za ni iya faɗi ba, kai da ka fara nuna mani taswira a bayan littafin lissafi.

In ka huce, kalma ɗaya ta isa in maida ka. In kuma ba ka so in sake aiko da darussan, ka faɗa mani, kada in riƙa cika maka ɗaki da takardu.

Ɗiyarka,
Lailatu.

*

Sabon Birni,
Ƙarshen Nuwamba.

Malama Lailatu,

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya ke da iyali da mahaifiyarki. Ni ina nan da rai. Ƙafar ta ɗan taso saboda sanyi, amma ba ta hana ni aji ba.

Wata guda ke nan ban ga amsarki ba. Na'Allah bai dawo ba, an ce hanya ta yi tsanani ya zagaya ta Nijar. Wagga takarda shugaban makarantarmu zai kawo maki, an kira su taro Sakkwato. Tunda daga hannunsa sai naki, za ni faɗi abin da ban iya rubutawa ba wancan karon, don a shingayen hanya ana buɗe takardun mutane a karanta.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko, wani saurayi da ya dawo daga Maraɗi ya tare ni a ƙofar masallaci, shina washe baki, ya ce, "Malam, ashe ka yi suna!" Ya ɗaga waya gaban jama'a. Sai ga taswirar Maijidda a Fesbuk, da sunanta, da sunan ƙauyensu, da hotona da sunan makarantarmu. Wani daga cikin zaure ne ya fitar da ita, ya rubuta dogon yabo a sama. Mutane ɗaruruwa sun yaɗa. Waya ta bi hannu-hannu, kowa na cewa madalla. Sai wani ɗan ƙauyensu ya ja ni gefe ya faɗa mani abin da ke cikinta.

Kin tuna 'yar siririyar hanyar nan ta cikin kwari? Ni ban san ko mece ce ba sai ranar. Ita ce hanyar da mazan Tungar Ɗan'auta ke bi a ɓoye su koma su yanko dawarsu kaɗan-kaɗan, don babbar hanya ba ta biyuwa. Yarinya ta zana abin da ta sani. Ni da ya kamata in tambaya ban tambaya ba, daɗin zane ya ɗauke mani hankali.

Ranar Litinin babanta, Wada, ya same ni a makaranta. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mani sauƙi. Ya tsaya bakin aji ya ce, "Malam, na kawo maka ɗiyata ka koya mata karatu. Ashe hanyar abincinmu za ka nuna ma duniya." Na ce mashi mutanen daji ba su da sabis su ma. Ya ce, "Suna da layin Nijar, suna da masu kai musu labari cikin garin ga. Kai ka sani, ni na sani." Ya kira Maijidda ta ɗauko jakarta. Ta wuce ta gabana ba ta ɗago kai ba. Daga nan na ruga tasha na rubuta maki abin da na rubuta. Nufina ki sa a sauke abin daga Fesbuk.

Ban san ko wani mugu ya gani ba, kuma ba za ni taɓa sani ba. Abin da na sani, mazan ƙauyen sun ji tsoro sun daina bin hanyar, dawar da ta rage ta tsaya a gona. Wada ya kwashe iyalinsa sun ƙetara Nijar. Ni kuma akwai masu amsa sallamata da ƙyar, don an fara cewa malamin nan shina aika taswirar ƙauyuka waje.

Da shiru ya yi yawa, sai na ari layin Nijar wurin maƙwabcina, na bi motar kasuwa zuwa wani tudu kusa da iyaka inda sabis ɗinsu ke kamawa. Mutane na nan tsaitsaye cikin rana, kowa ya ɗaga waya sama. Na ce bari in ga ko an sauke abin, in kuma ji muryar jama'ata ko sau ɗaya. Na samu gindin wata aduwa na zauna. Waya ta yi ta ƙugi, saƙonni na shigowa, ina ɗoki kamar yaro ranar sallah. Na buɗe zaure. Can ƙasa sai ga ɗan ƙaramin rubutu a tsakiya, cewa ke kin cire ni. Na duba Fesbuk, taswira na nan daram, an ƙara yaɗa ta.

Lambarki na gabana, ban kira ba. Na kashe wayar, na zauna har motar ta gama lodi.

Ban rubuto don in yi maki faɗa ba. Wataƙila kun ga na zame maku abin tsoro, ko abin kunya, ban ga laifinku ba. Roƙona ɗaya: a sauke hoton nan, ko don sauran yaran biyar da taswirorinsu ke hannunki.

Darasin tire da yashi na yi shi. Ya yi kyau. Babu dai wanda za ni ba labari.

Is'haƙa.

*

Sakkwato,
Farkon Disamba.

Kawuna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da ƙafa, sannu da zaman kaɗaici, sannu da abin da na ja maka. Mu lafiyarmu lau. Inna ta ce in gaya maka tana sa ka a addu'a kowace salla.

Shugabanku ya same ni a makaranta ana tsakiyar jarrabawa. Na buɗe takardar a tsaye. Da na ga "Malama Lailatu" maimakon "ɗiyata" sai da na nemi kujera.

Wallahi Kawu ban san an kai taswirar Fesbuk ba, ni ba na shiga can. Da ka ce in cire ka daga abin nan, zaure na fahimta. Na ɗauka maganar ma'aunin nisa ce ta ɓata maka rai. Na rubuto maka duk wannan tun farkon Nuwamba, ashe takardar na can cikin aljihun Na'Allah tana yawo a Nijar. Kai kana can kana cewa mun gudu mun bar ka, ni ina nan ina cewa ka yi fushi ka bar mu. Da na tsaya na yi tunani da na gane mutumin da ya ce a faɗa masa marar daɗi ba zai gudu don an faɗa masa ba.

An sauke hoton. Malam Abdurra'uf ne ya saka. Na kira shi a take, ko gaisawa ban tsaya mun yi ba. Ya bar ni na gama magana, abin da ban taɓa jin ya yi ba, sannan ya ce shi yabo ya yi nufi, yana son ya gyara maganar da ya yi a kanka ne. Ya goge nasa, ya bi waɗanda sunka yaɗa ɗaya bayan ɗaya yana roƙonsu. Mafi yawa sun goge. Ba za ni yi maka ƙarya in ce duka ba, abin da ya shiga wayoyin mutane babu mai iya tattaro shi. Sauran biyar ɗin na goge su daga zaure, takardun kuma suna cikin akwatina.

Ranar Asabar ba mu yi darasin da anka tsara ba. Na ba su labarin hanyar kwari, ban faɗi sunan kowa ba. Wani malami daga Birnin Gwari ya ce shi ma ya saka hotunan rijiyoyin ƙauyensu bai yi tunani ba. Wata daga Borno ta ce su sun daɗe da sanin wannan, ba su dai zaci sai sun faɗa ba. An amince daga yau babu taswirar ɗalibi da za a saka da sunan gari ko na yaro, kuma babu abin da zai fita daga zaure sai da izinin mai shi. Na san wannan ba zai maido da dawar Wada ba.

Na maida ka zaure tun ranar. Sunanka na nan cikin jerin, yana jiran sabis.

Kawu, ga wata magana, kada ka yi saurin cewa a'a. Makarantar da ke kusa da mu ba su da malamin labarin ƙasa. In ka nemi canjin wurin aiki maigidana ya san yadda ake bi. Akwai ɗakin zaure a gidanmu babu kowa ciki. Ka ɗauko Inna Maryamu da yara ku zauna kamar mutane. Tunda an fara yi maka irin wannan kallo a gari, ni hankalina ba ya kwance.

Ka yafe mani. Kuma don Allah ka kira ni da sunan da ka saba.

Ɗiyarka,
Lailatu.

*

Sabon Birni,
Watan Janairu.

Ɗiyata Lailatu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kuna lafiya baki ɗaya, ke da maigidanki da Sadiƙa da ƙannenta da mahaifiyarki. Ni lafiya lau. Maryamu da yara suna gaishe ku, na yi hutun ƙarshen zango a wurinsu.

Takardunki biyu rana ɗaya sunka iso, ta hannun shugaba da ta hannun Na'Allah, wadda ta sha maiƙo har ta yi ɗaurin ƙosai. Na karanta ta farko na ji kunya, na karanta ta biyu na ƙara jin kunya. Babu abin yafewa tsakaninmu. Ni na rubuta magana rabi, ke kinka karanta rabin da kinka gani.

Sabis ya dawo, shina zuwa shina ɗaukewa. Kin ji ɗan saƙon da na aika zaure, kin kuma ji yadda sunka yi mani caa da gaisuwa. Malam Abdurra'uf ya kira ni shi kaɗai, mun daɗe muna magana. Yaron kirki ne, gaggawa ce ta yi mashi yawa. Amma abin da za ni faɗa maki yanzu ba na zaure ba ne, shi ya sa na ɗauko biro.

Maganar komowa Sakkwato, na gode, ki yi ma maigidanki godiya. Na kwana biyu ina juya ta. Ba za ni zo ba bana. Yara goma sha ɗaya sun yi rajistar darasina a jarrabawar fita, in na tashi babu mai shiga ajin. Masu kallona a karkace sun fara gajiya. In an gama jarrabawa mu sake magana.

Na ga Maijidda. Ban neme ta ba. Na fita sayen itace a bayan Gidan Runji, inda 'yan gudun hijira sunka kafa bukkoki, sai na ji an ce, "Malam, ina wuni." Na juya, ga ta da jarka a ka. Ta rame, amma lafiyarta lau. Ta sauke jarkar ta durƙusa ta gaishe ni kamar muna bakin aji. Na tambayi babanta, ta ce ya tafi aikin albasa wani gari. Na tambayi makaranta, ta ce ta nan da Faransanci ake yi, an ce sai dai ta koma aji ɗaya cikin ƙanana, ita kuma kunya take ji.

Na shirya kalmomin ban haƙuri tun ranar da ta fita ajina, sai ga shi ita ta riga ni. Ta ce, "Malam, wai da gaske mutanen cikin waya sun ga zanena?"

Na ce sun gani.

Ta ce, "Mi sunka ce?"

Na gaya mata wata malama a Gembu ta nuna ma ɗalibanta, ajin duka ya yi shiru. Ta ɗan yi murmushi tana kallon ƙasa, ta ce, "Gembu ina ne?"

Sai na tsuguna, da ƙafar tawa da komi, na tsinci karan dawa na share yashi da tafin hannu. Na zana mata Najeriya. Na ja gulbin Kwara, na ja na Binuwai, na haɗa su. Na soka kara can ƙasa wajen gabas na ce ga Gembu, kan duwatsu, inda sanyi ke sa mutane hura wuta da rana. Na soka wani can sama na ce ga Sabon Birni. Wasu yara sunka taru suna kallo.

Ta ce, "To mu yanzu muna ina?"

Na ɗaga karan na ƙetare layin iyaka, na soka shi a waje, cikin yashin da ban zana komi ba.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙa hannu ta auna tsakanin wurin da Sabon Birni, yatsa biyu. Ta ce, "Ashe ma ba nisa."

Uwarta ta ƙwala mata kira daga cikin bukkoki. Na taya ta ɗora jarkar, ta ce in gaida 'yan ajinsu, ta tafi. Ni kuma na tsaya wurin har yaran sunka watse, na koma gida ba itacen. Maryamu ta tambaye ni, na ce ban samu mai kyau ba.

Na dawo ranar Asabar. Na share tsakar gida, na ɗebo ruwa, na dafa wake. Gobe za mu fara darasin yanayi. In akwai sabon abu a horo kan ma'aunin ruwan sama da ake yi da gora, ki turo mani, namu na makaranta ya fashe tun bara.

Ki gaishe da kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Kawunki,
Is'haƙa.